Iri ko zarto: wanne mai dajin eka 40 zai fara saya in yana son barewa ta zauna masa?

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Detroit ya sayi daji eka 40 a kudancin jihar Mishigan. Bayan sallar isha'i ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, abin da ya rage a hannuna ba zai yi aiki biyu ba. In nemi tarakta in shuka wa barewa abinci, ko in sayi zarton inji in faɗa wa dajin?" Na ce masa, "Alhaji, bari in rubuta maka, don in muka fara a waya sai asuba."

Ga mutanen gida da za su ga tambayar kamar wasa: barewar da ake nufi ita ce mai farar wutsiya ta Amurka. Ta fi tamu girma, ƙahon namijinta yana da rassa, kuma duk hunturu yakan faɗi, wani ya tsiro. Wajen shekarar 1900 an kusa ƙarar da ita, abin da ya rage a faɗin ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Dokokin farauta da harajin da aka ɗora wa bindigogi da harsasai tun 1937 suka farfaɗo da ita, yau ana lissafin kusan miliyan 30. A Mishigan masu baka suna fara farauta ranar 1 ga Oktoba, masu bindiga kuma daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba. Ba a sayar da naman, na tukunyarka ne da na maƙwabta. Barewar da ke kwana a filinka ma ba taka ba ce, ta jama'a ce, sai ka harbe ta da lasisi. Iyakar abin da mai fili zai iya shi ne ya sa ta fi son wurinsa a kan na maƙwabcinsa.

Da can hanya mai sauƙi ita ce a zuba buhun masara ko karas a gindin bishiya a koma gefe a yi dako. Tun farkon 2019 an hana haka a ɓangaren kudu na jihar, saboda cutar nan ta CWD mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara gani a dajin Mishigan a 2015. Tana bin yawu da fitsari da kashi, ka ga kuwa tara dabbobi a kan tsibi ɗaya gayyatar annoba ce. Shuka ba ta shiga cikin hanin ba. Shi ya sa duk shagon kayan farauta da ka shiga za ka tarar da buhunan iri jere, kowanne da hoton ƙaton namiji mai ƙaho kamar reshen tsamiya.

Ni ma hoton nan ne ya ci kuɗina a shekarar farko. Na ɗauko hayar tarakta, na share rabin eka a tsakiyar dajin, na shuka waken soya. Ya tsiro gwanin sha'awa. Kafin ƙarshen Yuli babu ko ganye ɗaya, sai tsinke-tsinke a tsaye kamar an bi da almakashi. Shuka a idon makwarwa ke nan. Na sake shuka wani abu a Agusta, ya ɗan yi, kyamarar da na ɗaure a bishiya ta cika da hotuna, amma in ka duba agogon da ke jikin kowane hoto, ƙarfe ɗaya ne ko biyun dare. Ranar 15 ga Nuwamba na hau kujerar dako tun da duhu, sanye da rigar ruwan lemo da doka ta wajabta, yatsuna sun daina jin komai, na zauna har magariba ban ga ko jela ba. Ƙarar bindiga kuwa sau uku na ji ta daga fadamar dattijon da ke iyaka da ni, wanda ko ƙwayar iri bai taɓa jefawa ba.

Washegari da na je taya shi fiɗa, ya tambaye ni abu ɗaya: "In kai ne barewar, ina za ka kwanta a filin nan naka?" Na waiwaya na dubi dajina. Dogayen bishiyoyi sun haɗe kai a sama, ƙasa fetal kamar an share, daga inda nake tsaye ina hango taku ɗari biyu. Kyakkyawan wurin shan iska ne ga mutum. Ga barewa kuwa fako ne.

Abin da ya kamata Alhaji ya fara ganewa, kuma Bahaushe ba zai sha wahalar gane shi ba, shi ne barewa akuya ce, ba saniya ba. Ba ta sunkuyar da kai ta share ciyawa. Tsinta take yi, ganye nan, toho can, kan reshe, furen ciyayi masu faɗin ganye, 'ya'yan itace in sun faɗo. Duk abin da ya wuce tsayin kafaɗar mutum ya fi ƙarfin bakinta. Babba tana cin kilo biyu zuwa uku a rana, wato wajen tan ɗaya a shekara. Dajin da inuwa ta rufe shi ruf kuwa abin da yake bayarwa a eka guda a shekara bai cika kai kilo 50 ba. Yi lissafin da kanka. Kuma wurin da abincinta yake, tsakanin ƙasa da kafaɗa, nan ne maɓoyarta take. Da sara ɗaya ake samun biyun.

To bari mu ba gonar shuka haƙƙinta, don ba banza ba ce. Babu wani aikin daji da zai ba ka yawan abinci a eka guda kamar gonar da aka gyara da kyau. Tana iya ba da tan-tan. Tana da sauri: ka shuka a Agusta, ka zauna a bakinta a Oktoba. Tana tara dabba wuri ɗaya a sarari, inda za ka gan ta sosai, ka bambance mace da ɗan bana, ka ɗana yadda harsashi ɗaya zai gama aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Musulmi da ke son ya yi bisimilla ya saki, in ya tarar da sauran rai ya yanka nan take, ba ya bi jini cikin sarƙaƙiya har dare ba. In kana da yaro da kake koya wa farauta, babu kamar bakin gona, don yaro in ya yi awa uku bai ga komai ba, badi ba zai biyo ka ba. Sannan tana cike giɓin da daji ba ya cikewa, musamman ƙarshen kaka, lokacin da manoma sun girbe kuma ganye ya zube.

Amma kuɗinta ba a buhun iri yake ba. Ƙasar daji yawanci tsami gare ta. Da na kai tawa gwaji, bayan na riga na yi asarar farko, ma'aunin tsaminta ya nuna 5.4, alhali kuloba, wata ciyawa mai ganye uku-uku dangin wake da ake yawan shukawa, tana son daga 6 zuwa 7. Aka ce in zuba garin farar ƙasa tan biyu a kowace eka, shi kuma sai ya yi watanni kafin ya ratsa. Ga taki, ga maganin feshi, ga man tarakta, ga hanyar da taraktar za ta bi ta shiga. In ruwa ya ɗauke a Agusta ka tashi a tutar babu. Kuma in ban da kuloba da ke yin shekaru in ana yanke ta ana kula da ita, sauran duk sai ka maimaita kowace shekara. Noma ne sosai, sai dai ba ka da rumbu.

Akwai kuma maganar girma. Waken soya a ƙasa da eka biyu ko uku, inda barewa ke da yawa, sadaka ce kawai. Ƙaramin wuri ya fi dacewa da abin da ke jure kiwo: kuloba, ko hatsin rai, wani dangin alkama da ke tsirowa a ƙasa marar ƙarfi kuma yake zama kore har cikin dusar ƙanƙara, ko dangin kabeji masu saiwa irin tanip da radish, waɗanda ake shukawa ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta. Mafarauta na cewa sai sanyi ya dake su suke zaƙi. A wurina shekarar farko barewa ko kallonsu ba ta yi ba, sai a ta biyu ta koya. Abin dariya, a jihohin kudu masu zafi abin da suke shuka wa barewa da damina waken nan namu ne, wanda asalinsa daga Afirka ta Yamma aka kai shi, kuma wasu kan kewaye gonar da dawa don ta zama shinge. Da kakata ta ji ana noma wake don naman daji, da ta ce duniya ta zo ƙarshe.

Sai zarto. Aikinsa ɗaya ne, ya kawo rana ƙasa. Irin ciyayi da na itatuwa yana nan binne a ƙasar daji shekara da shekaru yana jiran haske, ba sai ka sayo ba. Craig Harper na Jami'ar Tenesi, wanda ya daɗe yana bincike a kan wannan, yana ba da shawarar a buɗe sama har aƙalla kashi 30 cikin ɗari na hasken rana ya kai ƙasa. Ƙasa da haka ka gaji a banza. Kuskuren sabon shiga shi ne tausayin bishiya: ya kayar da uku ya tsaya yana jin ya yi ɓarna, cikin shekara biyu saman ya sake haɗewa.

Hanyoyin yi sun bambanta. Akwai kayarwa gaba ɗaya, kututturen ya yi toho, toho kuwa na kututture barewa na sonsa ƙwarai, ko da na itacen da ba ta kula ganyensa ba a da. Akwai yi wa bishiya zobe a ɓawo ko a sassare ta a ɗiga magani, ta mutu a tsaye. Akwai kuma wadda ta fi yin suna, a yanka gindin fiye da rabi a tura ta ta kwanta ba tare da ta rabu da kututturen ba, ta ci gaba da rayuwa a kwance, ganyenta a bakin barewa, rassanta sun zama rumfa. Wannan ta ƙanana ce kawai, waɗanda ba su fi cinyar mutum kauri ba. Babba tana iya tsagewa a tsaye ta harbo baya, kuma an rasa rayuka ta haka. A Mishigan akwai ƙarin haɗari: ƙwaron da aka gano kusa da Detroit a 2002 ya kashe itatuwan ash bila adadin, gawarwakinsu na tsaye, reshe na iya ɓallowa daga sama ba sallama. Hular kwano da wandon kariya ba ado ba ne, kuma kada ka shiga kai kaɗai.

Sanin abin da za a bari ya fi sanin abin da za a sare. Itacen ok shi ne ɗorawar dajin nan, ba a taɓa mai kyau. Farin ok ƙwallonsa yana nuna cikin shekara ɗaya, ba shi da ɗaci sosai, barewa kan bar komai ta koma gindinsa in ya fara zuba a Satumba da Oktoba. Jan ok shekara biyu yake ɗauka, ya fi bauri, amma yana daɗewa a ƙasa har hunturu. Ka zaɓi masu kyau ka sare waɗanda suka matse su, kansu ya buɗe, 'ya'ya su ƙaru. Sai dai ba duk shekara suke yi ba, saboda haka ba a jingina da su. Kuma daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Yuli ba a ji wa ok ciwo a jihar nan, don lokacin ne ƙwari ke ɗaukar cutar da ke busar da shi. Aikin zarto na hunturu ne, bayan an rufe farauta, babu sauro, babu ganye, kana ganin abin da kake yi.

Illar wannan hanya ta farko ita ce jira. Shekarar farko wurin zai yi muni, kamar guguwa ta bi, matarka za ta tambaye ka ko wannan ne dajin da aka biya kuɗi. Sai a ta biyu ko ta uku ƙaya da toho suke kai ƙugu. Ta biyu, ba abin kirki kaɗai rana ke tasowa ba. Akwai baƙin tsirrai masu mamaye wuri, irin wani ƙaramin itace mai azurfar ganye da jajayen 'ya'ya da a da hukumomi da kansu suka yi ta rarrabawa wai don namun daji, yau kuma ake yaƙi da shi. In yana filinka ka kashe shi kafin ka buɗe sama, in ba haka ba kai ka raina shi. Ta uku, sarƙaƙiya ba ta tsayawa. Bayan shekara bakwai zuwa goma toho ya zama sanda, ya wuce bakin barewa, ƙasa ta sake zama fetal. Dole ka koma, ko da zarto ko da wuta.

Maganar wuta sai da na yi dariya da aka fara kawo mini ita, don mu a gida ƙonar daji laifi ce da ake wa'azi a kanta a rediyo, yara su cinna don gafiya ɗaya a yi asarar harawa da rumbuna. Nan kuwa kayan aiki ce. Tun 1933 Aldo Leopold, wani masanin namun daji Ba'amurke, ya rubuta cewa abubuwa biyar da suka ɓata namun daji, gatari da garma da saniya da wuta da bindiga, su ne za su iya dawo da su. Bambancin shi ne ana neman izini, a share layi a kewaye, a duba iska da laimar ranar, a ƙona ɗan yanki, a dawo masa bayan shekara uku ko biyar. Ban ba Alhaji shawarar ya taɓa ashana ba sai ya bi waɗanda suka iya sau biyu ko uku.

In akwai tsohuwar saura a filin, wannan ita ce garaɓasar da ta fi kowacce. Yawanci ciyawar dawaki ce ta shaƙe ta, wadda barewa ba ta ci kuma ɗanta ba ya iya ɓuya a ciki. Feshi ɗaya a ƙarshen kaka ya kashe ta, ka tafi ka bar wurin. Abin da zai fito manomi zai kira shi ciyawar banza, amma da yawansa yana da sinadarin gina jiki da ya kai ko ya wuce kashi 16 cikin ɗari da uwa mai shayarwa da namiji mai fitar da ƙaho suke bukata. A nan ake haihuwa a ƙarshen Mayu da Yuni.

Ta fuskar aljihu ba a haɗa su. Zarto sau ɗaya ake saye. In akwai katakon sayarwa a dajin, masu yanka za su biya ka kuma su buɗe maka saman, amma ka ɗauki ƙwararren ma'aikacin daji ya yi wa bishiyoyi alama tukuna. In ka bar mai saye ya zaɓa, ok ɗinka zai fara kwashewa. Hukumar NRCS ta ma'aikatar gona ta Amurka tana da shirin EQIP da ke biyan wani ɓangare na irin wannan aiki, kuma Mishigan tana rage haraji ga daji daga eka 20 in yana da rubutaccen tsarin kulawa.

Yanzu ga inda zaɓin yake a zahiri. Eka 40 ba ta riƙe barewa. Namiji yana yawo a abin da ya kai eka 600 ko fiye, kuma a farkon Nuwamba, lokacin barbara, sai ya manta da iyaka da ci da hankalinsa gaba ɗaya. Saboda haka ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka dubi mil ɗaya a kowane ɓangare, ka tambayi kanka me unguwar ta rasa. A kudancin Mishigan, inda Alhaji yake, masara da waken soya sun kai iya ganinka. Rabin ekarka ba za ta yi gasa da gonar eka 200 ba. Abin da babu shi ne makwanci, wurin da za ta shige in bindigogi sun fara tashi. Duk wanda ke da shi, shi ke da barewa da rana, kuma da rana ake farauta. A arewacin jihar kuwa, inda daji ne zalla a kan yashi, babu gona kusa, eka ɗaya ta hatsin rai da kuloba tana iya zama kasuwar unguwa. Can ma zarto yana da aiki, amma gonar za ta biya ka tun shekarar farko, kuma ba a taɓa kurmin itacen sida da barewa ke fakewa a ciki in dusar ƙanƙara ta yi zurfi.

Abu biyu ne ke rusa kowace hanya ka bi. Na farko ƙafarka. Barewa da hanci take rayuwa. In kana ratsa makwancinta duk Asabar don duba kyamara, ko kana shiga iska na bin bayanka zuwa gare ta, ka mayar da ita 'yar dare da hannunka. Na biyu yawanta. In sun fi ƙarfin wurin, tohon da ka sha wahala a kansa ba zai kai gwiwa ba. Maganin shi ne harbin mata, abin da yawancin masu neman ƙaho ba sa son ji. Ni dai ban taɓa dafa ƙaho ba, kuma kilishin cinyar mace ya fi laushi.

Don haka abin da na ce wa Alhaji: bana kada ya taɓa komai, ya yi farauta ya ga turbobin barewa da inda iska ke kaɗawa. A Janairu ya sayi zarto da kayan kariya, ya zaɓi wuri biyu ko uku, kowanne eka ɗaya zuwa biyu, can ciki nesa da hanyar shigarsa, ya buɗe su sosai, sannan ya haramta wa kansa taka su. A Maris, lokacin da ƙasa ke daskarewa da dare tana narkewa da rana, ya watsa kuloba da hannu a tsohuwar hanyar masu katako da ta ratsa filin. Tsagewar ƙasar ce za ta binne irin, babu tarakta. In kuɗi ya samu a shekara ta biyu, ya gwada ƙasa, ya yi 'yar gona rubu'in eka ko rabi tsakanin makwancin da gonar masarar maƙwabci, inda za su tsaya su ɗan taɓa kafin duhu.

Ya yi shiru a waya da na karanta masa, sannan ya ce, "To Malam, buhunan iri huɗun da na riga na saya fa?" Na ce ya duba ko rasit ɗin yana nan.